Yadda Sirdin Keke Ya Durƙusar da Ni a Gaban Surukai

Ba zan taɓa mantawa da ranar da na je gaida surukaina a kan keke ba. Ko na so in manta ma mutanen Ɗanzomo, garin surukan nawa, ba za su bari ba, don har yau idan na shiga garin sai in ga wani dattijo ya kawar da kai yana gyara rawani, kafaɗunsa suna rawa.

Tumbi ne ya jawo komai. Ni malamin lissafi ne a wata sakandare a Gumel, kuma tun da na fara aiki na ƙulla zumunci da mai tsiren bakin tasha. Kafin in ankara riguna sun fara kama ni a tsakiya. A lokacin ina neman Hajara, malamar firamare, Bafulatana siririya mai bakin tsiya. Wata rana muna hira ta dubi gabana ta ce, "Malam, wannan cikin wata nawa ne? Ka faɗa mini da wuri in fara ɗinkin kayan jariri." Na yi dariya a gabanta, amma da na koma gida na daɗe a gaban madubi ina shanye numfashi.

Ranar Alhamis na nufi kasuwar Maigatari da niyyar sayen keke irin na kowa. Sai idona ya faɗa kan wani keken tsere a wurin wani Badamagare mai sayar da kayan gwanjo. Tayarsa siririya kamar yatsa, ƙahonsa ya lanƙwashe ƙasa kamar na ragon layya, ga shi ba nauyi, da hannu ɗaya na ɗaga shi. A gaba kuma an ɗaura wasu ƙarafa biyu da suka miƙe, da ɗan soso inda mutum zai ɗora gwiwar hannu ya kwanta a kan keken. Sirdin kuwa dogo ne, tsukakke, mai tauri kamar busasshen kifi.

"Mushe, wannan ba keken kai niƙa ba ne," in ji mai keken. "Wannan iska yake tsagawa."

(A can wajensu Mushe girmamawa ce, haka suke kiran malamin boko. Mu a nan kowa ya san abin da ake kira mushe. Da ina da wayo da na ɗauki wannan a matsayin gargaɗi.)

Na shiga cikin wasu matasa da ke fita da kekuna ranar Asabar da safe, mu ɗan taɓa hanyar Gagarawa mu juyo. Da yake tafiyar ba nisa, ɗan zafin da nake ji a wajen zama sai in haɗiye shi, kada a ce sabon shiga rago ne. Da yamma kuma in kwanta ina kallon 'yan tseren ƙasashen waje a waya, yadda suke shimfiɗewa a kan keke, kai a ƙasa, baya a miƙe kamar tebur. Na ce ai wannan lissafi ne kawai, kuma lissafi gidana ne. Na samo sifana na ɗaga sirdin sama sosai, na sauke ƙahon ƙasa. Da na ga ina zamewa gaba duk lokacin da na kwanta, sai na ɗaga hancin sirdin ya kalli sama don ya tare ni. Har da ma'aunin kusurwa na ɗalibai na auna shi, ina gyaɗa kai ni kaɗai.

Abokina Sagir, mai shagon waya, wanda muke fita tare, ya kawo mini wandon 'yan keke, irin mai soso a tsakiya. Na gwada a ɗaki na ga ya kama ni kamar an ɗura alale a leda. Na cire na mayar masa. Na ce ni malami ne, ina da ɗalibai a gari.

Ana haka aka sa ranar da zan je in gaida iyayen Hajara, kafin manyana su je neman aure. Ta ja mini kunne tun da wuri. Mahaifinta Malam Buba ba ya da yawan magana, amma yayansa Baffa Jauro shi ne waliyyinta, kuma idan bai gamsu da mutum ba, maganar ta mutu ke nan. Sannan akwai kakarta, wadda kowa ke kira Maama. "Ita kam ka shirya mata," in ji Hajara. "Ta ji kai Bamange ne, tun yanzu take wasa baki." Ai kun san wasan da ke tsakanin Fulani da mu dangin Barebari, ba a gama shi.

Mutum mai hankali zai hau bayan babur ɗin abokinsa ya isa fes. Ni kuwa na ce a kan keke zan je, tun daga Gumel har ƙofar gidansu, Hajara ta ga wanda take wa dariyar tumbi.

Lokacin kaka ne, ana ta yankan gero, an jingina riɗi a gonaki yana bushewa. Na sha farar shadda sabuwa wadda ta ji sitaci har tana ƙara, da hula zanna, na fesa turare. Wandon shaddar nan yana da wani ɗinki mai kauri a tsakiya, wanda ban taɓa sanin da zamansa ba sai ranar. Na bar Sagir zai biyo ni a babur da goro da alewa, ni na yi gaba da hantsi.

Farkon tafiyar kam duniya sabuwa. Na ɗora gwiwoyin hannu a kan soso, na sunkuyar da kai, keke yana shan kwalta. Iska ta cika mini riga ta baya na zama kamar buhun auduga, sai na tsaya na tattare ta na ɗaure a ƙugu. Na wuce amalanke, na wuce jakuna, har wani babur mai ɗauke da buhuna na wuce. Masu yankan gero suna miƙewa suna bina da kallo, ni kuwa na ɗauka sha'awa ce. Wani tsoho a kan tsohon kekensa, da akuya ɗaure a kariya, ya ɗaga murya da na zo wuce shi.

"Malam, ruku'un nan ya yi tsawo! Ka ɗago haka nan, liman ya yi sujada!"

Ban kula shi ba. Me tsoho ya sani game da iska?

Daga nan labari ya fara canjawa. Da fari ɗumi na ji a matsematsina. Ɗumin ya koma zafi. Zafin ya koma kamar an ɗora ni a kan bakin lauje, ga ɗinkin wandon nan yana ta aikinsa kamar zarto, dama, hagu, dama, hagu, don sirdin ya yi tsawon da sai na karkata ƙugu kafin ƙafata ta kai feda ƙasa. Sagir ya cim mini bayan na wuce rabin hanya, ya rage gudu ya dube ni.

"Ango, fuskarka ba ta yi kama da ta mai zuwa wurin masoyiya ba. Hau baya mu riƙo keken."

"Wuce kawai," na ce. "Jiki ne yake ɗaukar zafi."

Can gaba kaɗan kuma sai zafin ya ɗauke ɗif. Wallahi har hamdala na yi. Na ce jiki ya saba, an zama ɗan tsere. Na ƙara kwantawa, na ƙara wuta.

Gidan su Hajara yana gefen gari. A ƙofar gida akwai wata babbar tsamiya, an shimfiɗa tabarmi a ƙarƙashinta, shanu na ɗaure can gefe. Ga Malam Buba, ga Baffa Jauro da malfarsa a gwiwa, ga wasu dattawa na unguwa, ga Sagir ya riga ya rakuɓe a bakin tabarma kamar mutumin kirki. Maama na zaune a kan 'yar kujera a bakin zaure. Ta saman katanga kuma na hango kawunan 'yan mata, na gane ɗankwalin Hajara a ciki.

Tun a hanya na tsara yadda zan sauka: in ja birki, in wurga ƙafa ta baya, in dira tsaye kamar soja. Birkin dai na ja. Da ƙafata ta taɓa ƙasa sai na gane cewa daga cibiyata zuwa cinyoyina babu kowa a gida. Ba zafi, ba sanyi, ba komai. Kamar an cire wajen an bar shi a Gumel. (Na rantse sai da na saci kallon ƙasa don in tabbatar komai yana nan.) Na jingina keken a jikin tsamiya, na warware rigata, na fara takawa. Ƙafafun suka ƙi haɗuwa. Ina so su matso kusa da juna, su kuma kowace ta kama gabanta. Haka na nufi tabarmar a tale, hannuna ɗaya ya kama gaban riga ya janye ta daga jiki ba tare da na umarce shi ba.

Daidai lokacin jini ya fara komawa inda ya gudu. Wanda ƙafarsa ta taɓa yin mijirya ya san abin da nake nufi, sai dai wannan ba a ƙafa ba ne. Kamar an juye mini gidan cinnaku a wando. Na cije, na cire takalmi, na durƙusa gaban Malam Buba.

"Baba, ina wu..."

Ɗinkin wandon ya sami inda fata ta saluɓe.

"Wayyo Allah Innata!"

Shanu ma sai da suka ɗago kai. Na kifa gaba, na dafe tabarma da gwiwoyin hannu, goshi ya kusa taɓa ƙasa, baya ya yi sama. Wato dai zaman da na yi a kan keke tun daga Gumel, shi na ƙarasa a gaban surukina, ba keken kawai. A gidan Fulani fa, inda ko yaro ya taka ƙaya ba ya cewa wash.

Abin da ya fi kashe ni shi ne kawaicin Malam Buba. Bawan Allah ya kafa idonsa a kan reshen tsamiya kamar bai ga komai ba, ya ci gaba da gaisuwa.

"Lafiya lau. An zo lafiya?"

"Lafiya lau, Baba," na faɗa wa tabarma.

"Ya hanya?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya mutanen gida? Ya ɗalibai? Ya aka ji da aiki?"

Bai tsallake ko ɗaya ba. Ni kuma ina nan a kife ina ta lafiya lau, gumi na ɗiga daga hancina. Da ƙasa za ta tsage a lokacin, da na yi mata godiya.

Sai Maama ta ɗaga murya daga bakin zaure. "Kai Bamange! Da girmanka da gemunka sai yanzu aka yi maka kaciya? Kuma ba su bari ka warke ba suka turo ka neman aure?"

Daga bayan katanga na ji dariya ta fashe, na ji gudun ƙafafu zuwa cikin gida. Dattawa suka shiga tari. Sagir, abokin amana, ya cusa fuska a cikin hula.

Aka ce in zauna. Na gwada, abin ya gagara. Ƙarshenta kishingiɗa na yi a gefe guda, na tokare kai da hannu kamar attajiri a rumfarsa, a gaban mutanen da ko ido bai kamata in haɗa da su ba. Aka kawo fura da nono mai sanyi, irin wadda na daɗe ina jin labarinta, amma ban san ɗanɗanonta ba ranar.

Baffa Jauro bai yi dariya ba ko kaɗan. Ya daɗe yana kallona, sannan ya yafito Sagir suka koma wajen shanu. A ganinsa raɗa yake yi. Amma mutumin da ya shekara da shekaru yana kiran garke daga nesa, raɗarsa ana jinta a masallaci.

"Yaro, tsakaninka da Allah. Aure ba wasa ba ne, 'yarmu za mu bayar. Abokin nan naka, lafiyarsa ta maza ƙalau take?"

Nan ne ya kamata Sagir ya tsaya mini. Sai na ji ya ce, "Wallahi Baffa, har jiya dai ban ji wani ƙorafi ba. Na yau ne ban sani ba."

Baffa ya dawo fuska a ɗaure ya ce a kira wanzam. Ashe gidan wanzamin na nan kusa. Ban gama fahimtar abin da ke faruwa ba sai ga wani dogon mutum ya yi sallama, zabira a rataye, ƙahon tsaga na leƙowa daga ciki. Ganin zabirar nan ne ya dawo mini da murya.

"Baffa, Allah ya ƙara girma, keken ne! Wallahi keken ne!"

"Keke? Ina yake maka ciwo?"

"Wajen... wajen zama."

"Baya ke nan."

"Gaba da baya kaɗan."

"To, ciki."

"Ƙasa da ciki, Baffa."

Kowa ya shiga lissafi a zuciyarsa. Wani dattijo da ya riga kowa samun amsa ya ce, "Inna lillahi."

Baffa ya ce a kawo keken. Aka tsayar da shi a tsakiyar fili, dattawa suka kewaye shi kamar saniyar da ake ciniki. Wani ya danna sirdin da babban yatsa ya ce wannan ai tsinin galma ne. Wani ya tambaya ko an manta ba a ƙarasa ƙera shi ba. Baffa dai bai gamsu ba. Ya ce shi tun yana saurayi yake hawan keke, har Maigatari yake kai nono da shi, bai taɓa jin keke ya hana namiji gaisuwa ba. Ya ajiye malfa, ya tattare riga.

"Ni da na sha bulalar sharo ban ƙifta ido ba?"

Aka riƙe masa ya hau, da ƙyar yatsun ƙafarsa ke taɓa feda. Ya fara zagaya tsamiya a miƙe, yana gyaɗa kai. Sagir ya ce, "Baffa, ai ba haka ake hawa ba. Sai ka kwanta ka ɗora hannu a kan ƙarafan can, kamar yadda ango ya yi." Baffa ya kwanta. Tayar gaba ta hau saiwar tsamiya ta dira.

Bai yi ƙara ba, gaskiya dai gaskiya ce. Amma na ga idonsa ya fito, na ga gashin bakinsa ya motsa. Ya tsayar da keken, ya sauka a hankali kamar mai sauke ƙwarya cike da madara. Ya ɗan tsaya yana kallon gabas. Sannan ya tako zuwa tabarma, ƙafafunsa ba su cika shiri da juna ba, ya zauna a kan cinya ɗaya.

"Wanzam, koma gida," in ji shi. Ya juyo gare ni. "Tun daga Gumel ka zo a kan wannan abin?"

"E, Baffa."

"A kwance?"

"A kwance."

"To yaron nan ko dai jarumi ne ko mahaukaci. Kowanne ne, ya biya sharonsa. Ku turo manyanku."

Sai a lokacin Malam Buba ya saki. Ya rufe baki da jelar rawani, jikinsa na girgiza, hawaye na zuba. Da ya samu numfashi ya ce, "Yaya, kai fa zagaye ɗaya ka yi." Fili ya kaure da dariya, har da Baffan, har da ni da nake kishingiɗe. Maama ta ce ita dai ba ta yarda ba tukuna, Bamange ko a kan katifa aka ɗora shi sai ya yi kuka.

A bayan wata motar ɗaukar kaya na koma gida, rub da ciki a kan buhunan riɗi, keken ɗaure a gefena. Bayan magariba Hajara ta kira. Ta yi sallama, ta fara magana, dariya ta ƙwace mata, ta kashe. Ta sake kira, haka. A karo na gaba ne ta iya haɗa jimla, kuma muryarta ta sauya. "Malam, don Allah gobe ka je asibiti. Ba wasa nake ba."

Da ma ko ba ta faɗa ba, zan je, don washegari wajen bai gama farkawa ba, kuma tsoro na gaske ya kama ni. Tambayar da Baffa ya yi wa Sagir ita nake ta yi wa kaina. Allah ya haɗa ni da wani likita mai furfura wanda shi ma yake hawan irin keken. Ya saurare ni har ƙarshe, ya duba ni, ya ce in kwantar da hankali, zai warware idan na huta, amma kada in sake. Ya ce idan mutum ya kwanta a kan keke, nauyinsa yana barin ƙasusuwan zama ya koma gaba, inda jijiyoyi da hanyar jini suke, ni kuma na ɗaga hancin sirdi na tokare daidai wurin. Na ce masa ai daga baya zafin ya daina. Ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam, lokacin da ya daina ɗin nan, shi ne lokacin da ya kamata ka sauka ka tura keken da hannu."

Ya ce in kawo masa keken gida ranar hutu. A tsakar gidansa muka kwance duk lissafina. Muka sauke sirdin har ya zama idan feda ta kai ƙasa gwiwata na ɗan lanƙwashe, ƙugu ba ya rawa. Muka daidaita hancin ya kwanta sosai, muka ɗan matso da shi gaba, muka ɗaga ƙahon da ƙarafan hannu. Ya ce in nemi sirdi mai gajeren hanci da rami a tsakiya, in riƙa miƙewa a kan feda jefi-jefi jini ya zagaya, kwanciyar kuma a koye ta kaɗan-kaɗan. Da ya zo kan wando mai soso, ban yi musu ba. Na je shagon Sagir na karɓo abina, yana ta yi mini kirari. Yanzu a ciki nake sa shi, in ɗora wando mai faɗi a kai, mutunci da lafiya kowa ya samu nasa.

An yi biki bayan sallah. Da Allah ya ba mu ɗan fari, ranar suna Maama ta sa aka kira ni cikin gida. Ta karɓi jaririn ta juya shi, ta duba hanci, ta duba kunne, ta dube ni sama da ƙasa a gaban mata cike da tsakar gida.

"To, alhamdu lillahi," ta ce. "Ashe sirdin ya rage mana wani abu."

Abin da na koya dai shi ne, ciwon da kake jin kunyar faɗa wa aboki a ɗaki, idan ka yi wasa sai ka yi bayaninsa dalla-dalla a gaban surukai, wanzami na tsaye a kanka. Kuma duk wanda zai burge budurwa, ya fara tabbatar da cewa idan ya isa zai iya zama.